Michelin ko Kumho: wace taya ta dace da Corolla mai zirga-zirgar cikin gari?

Baban_Ilham:
Assalamu alaikum. Tayoyin Corolla ɗina (ƙirar 2008, lambar taya 195/65 R15) sun kusa suɗewa, ina so in sauya duka huɗun kafin damina ta kankama. Zirga-zirgata a cikin Kano take, daga gida zuwa wurin aiki da kai yara makaranta, sai jefi-jefi in hau titin Kaduna. Mai shago ya nuna mini Michelin da Bridgestone, ya kuma nuna mini Kumho da Maxxis, tazarar kuɗin kuwa ba kaɗan ba ce. Ga kuma 'yan Beljiyam, wato tayoyin da aka yi amfani da su a ƙasashen waje, masu sunan manyan kamfanoni a farashi mai sauƙi. Masana, ƙarin kuɗin nan wani abu yake saya, ko suna kawai ake biya?

Injiniya_Dala:
Wa alaikumus salam, Baban Ilham. Ba suna kawai ba ne, amma abin da kuɗin yake saya ba kullum za ka ji shi a sitiyari ba. Babban bambancin yana cikin haɗin robar. Manyan kamfanoni irin su Michelin, Continental, Bridgestone da Goodyear sun fi kashe kuɗi wajen haɗa roba da sinadarin silika, don tayar ta kama jiƙaƙƙiyar kwalta, ta rage shan mai, kuma kada ta cinye da wuri. Waɗannan ukun gaba suke da juna: robar da ke kama titi sosai takan yi saurin cinyewa, mai tauri kuma takan yi santsi a ruwa. Tayar matsakaicin kuɗi yawanci takan cimma biyu daga cikinsu ta ɗan sassauta ɗaya.

A busasshen titi, kana gudun kilomita 50 ko 60 a cikin gari, da wuya ka bambance su. Inda ake rabuwa shi ne birkin gaggawa a kan ruwa, musamman bayan zanen tayar ya kai rabi.

Kada ka tsaya a kan sunan, karanta jikin tayar. Akwai kalmomi uku da ake bugawa bisa tsarin Amurka. Traction na nuna kamun jiƙaƙƙen titi, daga AA zuwa A, B, C. Kada ka sauka ƙasa da A. Temperature na nuna jure zafi, A, B ko C. A ƙasar da kwalta ke ɗaukar zafin watan Afrilu, A za ka nema. Treadwear kuwa lamba ce ta daɗewa, kamar 300 ko 500, sai dai kowane kamfani shi ke auna tasa, don haka ba a gwada ta Kumho da ta Michelin da ita, sai tsakanin tayoyin gida ɗaya. In tayar ta zo da takardar Tarayyar Turai a manne, duba harafin kamun ruwa, daga A zuwa E. A ko B ya wadatar.

Bayan R15 za ka ga wani abu kamar 91H. 91 na nufin kowace taya na ɗaukar kilo 615, H kuma iyakar gudunta kilomita 210 a awa. Kada ka sayi wadda ta gaza abin da kamfanin motar ya rubuta, ko ta wane gida ce.

A ganina, ga irin aikinka, sabuwar Kumho, Hankook, Nexen ko Maxxis mai Traction A da Temperature A ta ishe ka. Wasu masu matsakaicin kuɗin ma 'ya'yan manyan ne: Firestone ta Bridgestone ce, BFGoodrich ta Michelin, Barum da General na Continental.

Oga_Mai_Faci:
Injiniya ya yi bayanin roba, bari in ƙara da na titi. Taya mai tsada tana mayar da kuɗinta ne kawai idan ta rayu har zanenta ya ƙare. A titunanmu kuwa yawancin tayoyi ba tsufa ke kashe su ba, rami ne da ƙusa da gefen kwalbati. Idan ka faɗa rami da gudu, gefen tayar yakan matse tsakanin rim da bakin ramin, zaren da ke ciki ya tsinke, bayan kwana kaɗan ka ga ƙulu ya fito kamar ƙwai. Wannan ba ya facuwa. Michelin ce ko Maxxis, sai dai a jefar. Faci na gaskiya a kan fuskar da ke taka ƙasa kaɗai ake yin sa, hujin bai wuce milimita 6 ba, kuma a cire tayar a manna daga ciki. Igiyar nan da ake cusawa daga waje ta kai ka gida ce kawai.

Yi lissafin haka, Alhaji. A ce mai tsadar ta ninka kuɗin matsakaiciyar sau ɗaya da rabi. To sai ta yi tafiyar da ta ninka ta ɗayar sau ɗaya da rabi kafin ku yi kunnen doki. In rami ya kashe ta a tsakiyar rayuwarta, asararka ta fi ta wanda ya sayi matsakaiciya.

Abin da ya fi sunan kamfani tasiri shi ne iska. Buɗe ƙofar direba, akwai takarda a jikin ginshiƙin da ta faɗi adadin. A Corolla irin taka bai wuce 30 zuwa 32 ba a ma'aunin iska na PSI. Lambar 44 ko 51 da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da za a sa ba, amma yara da yawa a bakin titi ita suke bi, ko su bubbuga tayar da ƙarfe su ce ta yi. Iska ta yi yawa, tsakiyar tayar ke cinyewa, motar ta riƙa tsalle, birki ya ragu. Ta yi kaɗan, kafaɗu biyun ke cinyewa, gefen ya riƙa lanƙwasawa yana ɗaukar zafi, shi ne mafarin fashewa a babban titi. Sayi gejinka, ka auna da safe kafin motar ta motsa, aƙalla sau ɗaya a wata, har da safaya.

Ranar da za a ɗaura sababbin, a sauya bawul huɗun, a yi balansin, a yi alaimen. In gefe ɗaya na tsohuwar tayar ya fi cinyewa, a duba kayan ƙafar motar, wato tayarod da boljoyin da shokoziba, tukuna, in ba haka ba sabuwar ma haka za ta bi. Sai juya su gaba da baya duk kilomita 8,000 zuwa 10,000, domin Corolla da gaba take ja, na gaban sun fi cin wuya.

Direban_Dogon_Zango:
Ban ƙi ta taku ba, amma kada a raina "jefi-jefi in hau titin Kaduna". Awa biyu ko uku ana gudun 100 zuwa 120, mota cike da iyali da kaya a but, rana na dukan kwalta, nan ne ake gane ginin taya. Wanda rabin tafiyarsa babban titi ne, ko yake yawan tafiya cikin ruwan Agusta, in yana da hali ya sayi ta manyan, ba almubazzaranci ba ne. Mai cikin gari ne kawai zan ce ya tsaya a matsakaiciya.

'Yan Beljiyam kuwa, Malam, ka fita batunsu ko da tambarin wa ke jiki. Ba ka san ramin da ta faɗa ba, ba ka san ko an yi tafiya da ita babu iska ba. Da yawa cusa su ake yi cikin juna a kwantena, uku ko huɗu a ɗaya, wayar bakin da ke kama rim ta lanƙwashe. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, SON, ta sha kama irinsu. Wasu kuma tayoyin hunturu ne. In ka ga hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a ciki, robar an yi ta ne don sanyin da bai kai digiri 7 ba, a zafinmu laushi take ta cinye nan da nan.

Ko sabuwar ma duba ranar haihuwarta. Nemi inda aka rubuta DOT, lambobi huɗun ƙarshe su ne mako da shekara: 1524 na nufin mako na 15 a 2024. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi baya a Legas a 2008, tayoyin motocinmu daga waje ake shigo da su, kuma mai tsada ta fi daɗewa a shago saboda masu sayenta kaɗan ne. Sau da yawa za ka tarar Michelin ɗin ta shekara uku a ajiye, Kumho ɗin ba ta cika shekara ba. A wannan hali Kumho zan ɗauka. Ka tuna kuma jami'an kiyaye haɗura na FRSC shekara huɗu suke ƙirgawa daga ranar ƙira. Duba lambar a kan kowace ɗaya, ba wadda aka fara miƙo maka kaɗai ba, ka shafa wurin da yatsa ko an kankare an sake bugawa.

Baban_Ilham:
Allah ya saka da alheri. To in na sayi Michelin biyu na sa a gaba, na bar biyu mafi dama-dama cikin tsofaffin a baya fa?

Injiniya_Dala:
A'a, Baban Ilham. Kuɗin Michelin biyu in ka ɗan cika zai kusa kai ka ga matsakaita huɗu iri ɗaya, kuma hakan ya fi. In dole biyu za ka saya, a baya ake sa sababbin, ko da motar da gaba take ja. Gaba in ya zame a ruwa kana jin sa a sitiyari, ka ɗaga ƙafa ya dawo. Baya in ya zame juyawa motar take yi. Tsofaffin kuma ka leƙa cikin ramin zanensu, akwai 'yan tudu ƙanana da aka dasa a milimita 1.6. In zanen ya yi daidai da su, tayar ta gama aiki. Mai shirin shiga damina ma tun daga milimita 3 ya kamata ya cire.