Tambaya a kan shigo da ƙwallo daga layin ƙarshe bayan an ci kwando

Malamin Wasanni, daga ƙasar Ringim

Assalamu alaikum. Ni malamin wasanni ne a wata makarantar sakandare ta kwana da ke ƙasar Ringim, kuma saboda ƙarancin masu busa usur a wajenmu, duk lokacin da aka shirya gasar ƙwallon kwando tsakanin gidajen ɗalibai ni ake ɗora wa alƙalanci. Ranar Asabar da ta wuce na yanke wani hukunci wanda har yanzu bai bar ni na samu natsuwa ba.

Saura ƙasa da minti guda a tashi, sai gida na farko ya jefa kwando ya wuce gaba da maki 1. Wani yaro na gida na biyu ya ɗauki ƙwallon ya fita bayan layin ƙarshe domin ya shigo da ita, amma da ya ga an tare masa gaba, sai ya sheƙa da gudu a bayan layin, ya yi kamar mita biyar ko shida yana riƙe da ita. Bai tsaya nan ba, sai wani abokin wasansa ya fito shi ma bayan layin ta ɗaya ɓangaren, ya miƙa masa, shi kuma ya cilla ta can gaba, aka karɓa aka ci. Ni kuwa na riga na busa, domin abin da na sani shi ne mai shigo da ƙwallo ba ya gusawa fiye da mita 1. Na soke kwandon, na ba gida na farko ƙwallo, suka ci wasan.

Wani ɗan bautar ƙasa da ke koyarwa a wurinmu, wanda ya yi wasan a jami'a, ya ja ni gefe ya ce na zalunci yaran. Ina roƙon masana su bayyana mini: shin gudun ya halatta? Miƙa wa wani a wajen fili fa? Kuma ya kamata ƙwallon ta bi ta hannuna kafin a shigo da ita?

Tsohon Alƙalin Wasa, daga Haɗeja

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya saka maka da alheri da ka kawo maganar fili maimakon ka binne ta. Gaskiya ɗan bautar ƙasar nan ya fi ka hujja, kuma kwandon da ka soke halastacce ne, matuƙar dai yaran ba su wuce sakan 5 da doka ta ba mai shigo da ƙwallo ba.

Dokar mita 1 da ka sani gaskiya ce, sai dai ba a wurinta ka yi amfani da ita ba. A dokokin FIBA, wato hukumar ƙwallon kwando ta duniya, waɗanda su hukumar ƙwallon kwando ta Najeriya take bi, sashe na 17 ne yake magana a kan shigo da ƙwallo, kuma ya raba abin gida biyu. Idan ƙwallo ta fita waje, ko aka karya wata doka, ko aka yi laifin da ba ya jawo jifan kyauta (wato jifan da ake ba ɗan wasa ya yi ba mai tare shi), alƙali ne yake nuna wurin da za a tsaya, ya miƙa ƙwallon, kuma mai jifa ba zai gusa hagu ko dama fiye da mita 1 gaba ɗaya ba, ko da yake yana iya ja da baya gwargwadon yadda wuri ya ba shi dama. Amma idan kwando aka ci, ko jifan kyauta na ƙarshe ya shiga, to duk faɗin layin ƙarshe, mita 15 ɗin nan, na ƙungiyar da aka ci ne. Kowane ɗan wasanta yana iya ɗaukar ƙwallon, ya tsaya inda ya ga dama, ya yi gudu hagu ko dama, ya ja da baya, kuma yana iya miƙa wa abokinsa wanda shi ma yake bayan layin. Ba kuwa sai ta bi ta hannunka ba. Da ma an yi dokar ne don kada wasa ya riƙa tsayawa. Da can, har zuwa shekarar 1937 a Amurka, duk kwandon da aka ci sai an koma tsakiyar fili alƙali ya cilla ƙwallo sama mutum biyu su yi tsalle, abin da ya sa ƙungiya mai dogon mutum takan riƙe ƙwallo kusan ita kaɗai. Da aka soke wannan ne aka ba wanda aka ci damar ya ɗauka ya ci gaba nan take.

Abin da ya kamata idonka da hannunka su kasance a kansa shi ne ƙirga. Sakan 5 ɗin suna farawa ne daga lokacin da ƙwallo ta samu ga ɗan wasa na farko a bayan layi, kuma miƙa wa na biyu ba ya sabunta su. Idan na farko ya cinye sakan 3 yana gudu, na biyu sakan 2 kacal suka rage masa ya sake ta. A nan ne alƙalai da yawa suke tuntuɓe, domin sai su dawo da ƙirga daga ɗaya da zarar ƙwallo ta canja hannu. Ka riƙa ƙirgawa da hannu a fili yadda kowa zai gani, saboda ranar da ka busa kada a ce daga aljihunka ka fito da hukuncin.

Sauran haramcin suna nan yadda suke a kowane jifa. Mai riƙe da ƙwallo ba zai taka cikin fili ba, amma ka lura layin kansa, mai kaurin santimita 5, ba ya cikin fili, don haka wanda ya taka layi bai yi laifi ba, sai wanda ƙafarsa ta tsallake ta taɓa ciki. Ba zai jefa ta kai tsaye cikin kwando ba, ba kuma zai zama farkon wanda ya taɓa ta a cikin fili ba. Idan ya jefa ta bugi bayan allon da kwando yake jikinsa ko ƙarfen da ke riƙe da allon, ta fita ke nan, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya, shi ya sa nake hana yara tsayawa daidai ƙarƙashin allo ko da doka ba ta hana su ba a wannan hali.

Abu na ƙarshe da nake so ka riƙe shi ne, wannan 'yanci na kwandon da aka ci ne, ba na layin ƙarshe ba. Da a ce yaron ya jefa, mai tsaro ya doke ta ta sake fita ta wannan layin, to jifan da zai biyo baya ya koma ƙarƙashin dokar mita 1, ko da a wuri guda ake tsaye.

Kocin Matasa, daga Bichi

Ranka ya daɗe, Baba ya gama magana a kan gudu da miƙawa. Ni abin da ya ja hankalina shi ne Malam ya ce saura ƙasa da minti guda, domin a nan agogo ma yana da nasa hukunci. A wasan FIBA mai zango 4 na minti 10 kowanne, agogo ba ya tsayawa don an ci kwando, sai a minti 2 na ƙarshen zango na huɗu da kuma minti 2 na ƙarshen kowane ƙarin lokaci. A wannan lokaci yana tsayawa da zarar ƙwallo ta shiga, ba ya tashi kuma sai ta taɓa ɗan wasa a cikin fili. Daga wannan taɓawar ne kuma ake fara lissafin sakan 8 na tsallake tsakiya da sakan 24 na kai hari. Yaranmu da suke kallon NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, a gidajen kallo sukan rikice, saboda can ana tsayar da agogo har a minti na ƙarshe na zango uku na farko.

Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne ya tuna wasan ƙarshe na gasar Olamfik a Munik a 1972. Amurka ta ci jifan kyauta biyu ta wuce gaba da 50 da 49, saura sakan 3, sai gardama ta kaure a kan ɗan hutun da koci yake nema da kuma agogo har aka maimaita shigo da ƙwallon, a karo na uku Ivan Edeshko ya cilla ta daga layin ƙarshe zuwa ɗaya ƙarshen, Aleksandr Belov ya karɓa ya ci, Tarayyar Sobiyet ta yi nasara da 51 da 50. 'Yan wasan Amurka suka ƙi karɓar lambar azurfa.

Haka nan ƙungiyar da aka ci tana iya neman hutu ta hannun kocinta, kuma a minti 2 na ƙarshe tana iya yin canjin ɗan wasa. Sai dai a fahimtata, idan koci ya ɗauki hutu, tun da alƙali ne zai miƙa ƙwallo bayan an dawo, damar gudu ta faɗi, an koma mita 1. Haka nake koya wa yarana.

Tsohon Alƙalin Wasa, daga Haɗeja

Ƙanena, duk abin da ka faɗa daidai ne ban da na ƙarshe, kuma ina roƙonka ka gyara wa yaranka tun kafin wani ya yi asarar wasa a kansa. Miƙawar alƙali ba ita ce take ɗaure ɗan wasa ba. Dokar ta faɗa a fili cewa ko bayan hutu, ko bayan wani abu ya katse wasa, in dai dalilin jifan shi ne kwandon da aka ci, kuma daga layin ƙarshe za a yi shi, damar gudu da miƙawa tana nan.

Inda take faɗuwa shi ne idan kocin ya zaɓi a kai ƙwallo gaba. Tun daga dokokin 2018, a minti 2 na ƙarshe, kocin da ƙwallo take hannunsa a rabinsa na baya, idan ya ɗauki hutu, yana da zaɓi. Ko dai ya shigo da ita daga layin ƙarshe yana da sakan 24 cif da damar gudu, ko kuma a kai ta ɗan gajeren layin da aka ja a gefen fili a rabin abokan hamayya, mita 8.325 daga layinsu na ƙarshe, inda zai samu sakan 14 kawai, mai jifa kuma ya tsaya cikin mita 1. Mai neman ci da gaggawa yakan zaɓi gaba, mai son cinye lokaci yakan zauna baya.

Malama Mai Horar da 'Yan Mata, daga Birnin Kudu

Sannunku da ƙoƙari, iyayena da yayyena. Ina so in ƙara abin da ya shafi irin filayenmu, domin littafin doka yana ɗauka akwai aƙalla mita 2 babu komai a bayan kowane layi, mu kuwa filinmu katangar aji ce a bayansa, tazarar ba ta kai taku biyu ba, ɗaya ɓangaren kuma 'yan kallo ne suke cika shi har bakin layi. Yarinya tana da damar gudu a takarda, amma ina za ta bi? Abin da nake yi shi ne kafin a fara wasa sai in sa manyan ɗalibai su janye mutane daga bayan layukan ƙarshe gaba ɗaya, su koma gefe. A ɓangaren katanga kuwa dokar ta riga ta yi tanadi, domin idan tazarar ba ta kai mita 2 ba, babu wanda zai matso kusa da mai jifa ƙasa da mita 1. A ko'ina kuma mai tsaro ba shi da izinin tsallakar da hannu ko ƙafa ta kan layi kafin ƙwallo ta tsallako.

Ɗabi'ar da ta fi damuna ita ce ta wadda ta ci kwando sai ta cafe ƙwallon tana faɗowa, ko ta ture ta gefe don 'yan uwanta su samu komawa tsaro. Wannan ɓata lokaci ne, ana yin gargaɗi, idan aka sake sai a busa laifin tekinikal, wato laifin rashin ɗa'a, a ba ɗaya ƙungiyar jifan kyauta 1.

Ina kuma zargin rabin ruɗanin yaranmu daga wasan mutum uku-uku yake, wanda suka saba yi da yamma a kwando guda. A can ba a fita bayan layi ko kaɗan bayan an ci. Wanda aka ci yana ɗaukar ƙwallon ne a cikin fili daidai ƙarƙashin kwando, ya fita da ita ko ya miƙa ta bayan layin maki biyu, wato lanƙwasasshen layin jifa daga nesa, sannan a juyo. Na sha ganin yarinya a wasan mutum biyar ta ɗauki ƙwallo a ƙarƙashin kwando ta kama gudu ba ta fita ba, sai an dawo da ita.

Malamin Wasanni, daga ƙasar Ringim

Na gode, Baba, na gode Koci, Malama Allah ya ƙara basira. Na tabbata na yi kuskure, kuma abin da ya fi ba ni kunya shi ne ban ma ƙirga sakan 5 ɗin ba, domin idona yana kan ƙafar yaron, don haka ba ni da bakin cewa sun wuce lokaci. Sakamakon wasa ya riga ya shiga takarda, ba zan iya canja shi ba, amma ranar Litinin bayan taron safe zan tara gidajen biyu a bakin layin, in sa yaran nan biyu su maimaita abin da suka yi ina ƙirgawa da hannu, in faɗa a gaban kowa cewa kwandonsu ya ci. Gajeren layin nan na mita 8.325 kuwa babu shi a filinmu ko kaɗan, na riga na aika a sayo mini fenti ranar kasuwa.