Na kammala littafina na farko, ina zan dosa?

Sabuwar Marubuciya:
Assalamu alaikum. Shekara 3 ina rubuta labarin nan, yawanci bayan yara sun yi barci. Yanzu ya kai shafi 240 a kwamfuta. Wani kamfani ya ce in biya su kuɗi su buga min. Haka ake yi? Ina tsoron in zubar da wahalata.

Tsohon Edita:
Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, dakata tukuna. Kamfanin ɗab'i na gaskiya shi ke ɗaukar nauyin gyara da bugawa, sannan ya riƙa ba ki kaso daga cinikin. Wanda ya ce ki biya, aiki kawai yake sayar miki. Ni na taɓa biya, aka kawo min katan-katan, suna nan ƙarƙashin gado har yau, domin babu wanda ya ɗauki nauyin rarraba su. Kafin komai ki ajiye rubutun wata guda, ki sake karanta shi da babbar murya, sannan ki ba edita wanda ba ya jin kunyarki.

Mai Karatu:
Idan kin zaɓi bugawa da kanki, ki nemi lambar ISBN, mai lambobi 13, wadda shaguna da ɗakunan karatu ke gane littafi da ita.

Tsohon Edita:
Kuma duk yarjejeniyar da aka miƙo miki, ki duba shekara nawa za su riƙe haƙƙin mallaka, da yaushe zai dawo hannunki.

Sabuwar Marubuciya:
Na gode, Malam. Yau zan fara neman edita.