Wata goma sha biyar, bai taka ba

Uwar ɗan fari, unguwar Zariya: Salamu alaikum iyayena. Yarona ya cika wata 15, yana rarrafe, yana miƙewa ya dafa bango, amma ya ƙi sakin hannu. Ɗiyar maƙwabciyata da aka haifa bayansa har ta fara gudu. Uwar mijina ta ce nauyin ƙafa ne, a bar shi. Wa ya taɓa ganin haka?

Uwar 'yan biyu, Bagalam: Wa alaikumus salam ƙanwata. Nawa ciki ɗaya, nono ɗaya, amma macen ta taka a wata 11, namijin sai da ya kusa wata 17. A wurin awo aka ce mini in dai bai wuce wata 18 ba, yana kan hanya. Ki rage goyo, ki shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ki aje masa murfin kwano nesa kaɗan ya bi.

Wata daga Tibiri: Ni tawa daban ce. Tawa ta fara tsayuwa, na samu ciki, aka yaye ta rana ɗaya aka kai ta gidan kaka. Daga fura sai fura. Ta koma zaune, gashi ya yi ja, ƙafafu suka kumbura, mu kuma muna cewa ƙiba ce. Da aka ɗaura mata abin awon dantse, ja ya nuna: tamowa. Bayan magani na riƙa dama kunun gero da garin ƙuli-ƙuli da wake, ina zuba tamaka, wato zogale, a miya, ƙwai in an samu. Kafin ta taka, dariyarta ce ta fara dawowa. Shi yaron naki, yaya cin nasa?

Uwar ɗan fari: Yana ci, Yaya, yana kan nono kuma. Magana ce dai babu, sai "dada".

Tsohuwar ungozoma, Sabon Gari: 'Yata, bari in tambaye ki, kina yi masa hira, ko kunyar ɗan fari ta hana? Da yawanmu haka muka yi, ko sunansa ba ma kira. Alhali kafin shekara 5 ƙwaƙwalwa ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girmanta, kuma abin da kunne ya ji shi baki ke maimaitawa. In gaban surukai ne ba ki iyawa, ki yi a ɗaki, lokacin wanka, lokacin shan nono. Ki kira shi ta baya ki gani ko zai waiwayo. In bai waiwayo ba, kada ki jira wata 18, a duba kunnensa.

Uwar ɗan fari: Yana waiwayowa, Inna. Hirar ce gaskiya ba na yi.