Don Allah, yaya ake raba tsofaffin hotuna da suka manne?

Jama'a, ina neman shawarar masu sani, lokaci na neman ƙure min.

Duk hutun ƙarshen shekara muna taruwa a wajen Mama, 'ya'ya da jikoki, kowa da ɗan abin hannunsa. Bana ba na son kyautar kanti. So nake in haɗa mata littafin hotunan marigayi Baba, ƙarƙashin kowane hoto jika ɗaya ya rubuta mata 'yan kalmomi da hannunsa, ko da rubutun ya karkace.

Hotunan ne matsalar. Sun daɗe a akwati, danshi ya shige su, da yawa sun manne fuska da fuska. Wanda ya fi damuna shi ne na ranar aurensu: ya liƙe a jikin gilashin firam, launin gefe ɗaya ya fara zuba, kuma shi kaɗai gare mu. Na ɗauke shi da waya ta saman gilashin, ƙyalli ya rufe fuskar Baba.

Wani ya ce in jiƙa su a ruwan sanyi su saki da kansu, yayata ta ce kul, ruwa zai wanke hoton gaba ɗaya. Akwai wanda ya taɓa gwadawa? In na kwantar da gilashin a kan na'urar sikanin, zai fito tas? Kuma 300 dpi (wato yawan ɗigon hoto da na'urar ke ɗauka a kowane inci) ya isa a buga shi babba, ko sai 600?

Mama dai ba ta san na ɗauko akwatin ba, dole in mayar kafin ta neme shi.