Kuɗin Makarantun Newark: Abin da Iyaye da Malamai Suka Ba da Shawara

Mun zauna da wasu iyaye da malamai muna tattauna makarantun gwamnati na birnin Newark a jihar New Jersey ta Amurka. Abin da ya fi ɗaukar lokaci shi ne dala miliyan 100 da Mark Zuckerberg, mai Facebook, ya ba su a 2010.

Kusan kowa ya ce kada girman kyauta ya ruɗi mutum. Kasafin makarantun birnin a lokacin ya kai kusan dala biliyan ɗaya a shekara, don haka kyautar ɗigo ce a cikin tulu. Kaso mai tsoka ya tafi ga yarjejeniyar albashin malamai, wani kuma ga masu ba da shawara daga waje. Wata malama ta ce abin da take so a tambaya shi ne: nawa ne ya iso cikin aji, wurin yaron da ke aji uku bai iya haɗa baƙi ba? Ni ma a nan na tsaya.

Shawara ta biyu, a saurari iyaye kafin a rufe makarantar unguwa. Tsarin sake fasalin makarantun birnin na 2014, mai suna "One Newark", ya tarwatsa yara zuwa nesa da gida, iyaye kuma suka yi ta zanga-zanga.

Sun kuma ce kada a auna makaranta da sakamakon jarrabawa kaɗai, a duba ci gaban yaro daga bara zuwa bana. Jihar ta karɓe makarantun a 1995, sai a 2018 ta fara mayar wa birnin ikonsu, saboda haka iyaye su riƙa halartar zaman hukumar makarantu ranar da ake karanta kasafi.