Tsohon Bajaj ko sabon TVS: wanne ne ba zai cinye ni a mai ba?

Malamin Firamare:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema wajen waɗanda ke kan titi kullum. Na kwashi adashe, na haɗa da kasona na filin gado, ina so in sayi adaidaita sahu in riƙa fita da kaina daga an tashi makaranta zuwa bayan isha'i. Zaɓi biyu ne a gabana. Akwai Bajaj na hannu, shekararsa uku yana aiki, kuɗina zai saye shi lakadan. Akwai kuma sabon TVS da zan ba da abin da ke hannuna, sauran in riƙa biya duk mako. Hanyar da zan fi bi Kurna zuwa Bata ce. Don Allah a irin wannan hanyar, lita nawa kowannensu zai sha a rabin yini? Tsorona kada in wuni ina yi wa gidan mai aiki, ga iyali suna jira.

Ɗan Rijiyar Lemo:
Wa alaikumus salam. Malam ka ɗauki sabo kawai. Sabo sabo ne.

Tsohon Ɗan Acaɓa:
Malam, Allah ya sa albarka. Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013 nake tuƙa keke, na riƙe Bajaj na riƙe TVS. Injinsu kusan ɗaya ne, dukkansu wajen cc 200, tankin ma wajen lita takwas. In dukkansu suna da lafiya, bambancin shan mansu bai kai wanda ke tsakanin direba da direba ba. Hanyar da ka ambata kuwa tana cin mai, saboda tsaye-tsaye. Ka ɗauki mutum nan, ka sauke can, ka shiga cunkoso, rabin tafiyar a giya ɗaya da biyu kake yinta. Ni a cikin gari lita ɗaya kan kai ni kilomita ashirin da 'yan kai, amma in na miƙe titin Janguza da sassafe sai in ga ya doshi talatin. Kuma abin da ya fi komai cinye wa sabon shiga mai shi ne yawo ba fasinja. Ka ga yaro yana ta zagaye yana hon, keke fayau. Gara ka kashe inji ka tsaya inda ake fitowa.

Mai Shago a Singa:
Ni dai in za ka ji tawa, ka riƙe kuɗinka. Na sayi keke sabo fil a leda, na ba wani yaro da aka ce min ɗan mutunci ne. Wata biyun farko balas, wato kuɗin da direba ke kawo wa mai keke, yana zuwa daidai. Daga nan sai aka fara: Alhaji yau mai ya cinye, Alhaji keken nan shan mai yake kamar rijiya. Na ce a kai wa bakanike. Ashe yaron da asuba Dawanau yake tafiya, ya loda buhunan masara har saman rufi, ya dawo ya shiga ɗaukar fasinja. Ya kuma cire eya kilina, wato abin da ke tace iskar da ke shiga inji, ya yar, wai wani abokinsa ya ce masa keke ya fi gudu in babu shi. A tsakiyar hunturu fa! Ranar da aka buɗe injin ina tsaye, bakanike ya sa yatsa a ciki ya nuna min, baƙin man ya koma kamar kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Ringi ya tafi, fistin ya karce. Na kashe dubu ɗari da tamanin aka yi inji, ban gama hucewa ba yaron ya ajiye min makulli a wajen maigadi ya kashe waya. Da na je gidansu uban ya ce in yi haƙuri, yaro ne. Na sayar da keken da asara. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, don kuɗin auren 'yata na taɓa.

Uwar Biyu:
Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Amma shi Malam da kansa zai tuƙa, ba yaro zai ba ba.

Mai Shago a Singa:
Hajiya haka kowa yake cewa. Ranar da ya yi zazzaɓi ga biyan mako ya zo, wa zai ba? Nan ake farawa.

Ɗan Rijiyar Lemo:
Dubu ɗari da tamanin a gyaran inji? Alhaji an yi maka aski. Ni dubu casa'in na kashe har da kuɗin aiki.

Bakanike Ƙofar Ruwa:
Da wane irin kaya? Akwai ringin da za ka saka ya yi wata uku ya fara hayaƙi. Kada a ruɗi bawan Allah.

Malam, in ka karkata ga tsohon, kada ka biya sai an kwance filogi a gabanka. In bakinsa ya yi baƙi ƙirin da toka, mai yana yi wa injin yawa. In ya jiƙe da baƙin mai, ringi ne, ka cire kuɗin inji daga cinikin tun yanzu. Mai lafiya ruwan ƙasa-ƙasa yake. Sannan a ɗaga baya a juya tayoyin da hannu, don sau da yawa birki ne ke riƙewa mutum bai sani ba, yana ta zagin kafireta. Ka duba kuloci ma: in inji yana ihu keke ba ya ci gaba, mai ne ke ƙonewa a banza. Eya kilina kuma lokacin ƙura a riƙa tsabtace shi akai-akai, in ya toshe iska ba ta shiga, sai mai ya yi yawa. Abu ɗaya da nake roƙon direbobi kullum: ku daina sa a matse muku kafireta fiye da ƙima wai don rage shan mai. Inji zai riƙa ɗaukar zafi, ƙarshe bawul ya ƙone, abin da ka tara a mai ka kawo mana shi gaba ɗaya.

Tsohon Ɗan Acaɓa:
Gaskiya ne, sai dai ku ne kuke matsewar in an biya ku.

Bakanike Ƙofar Ruwa:
Baba, in na ƙi, na kusa da ni zai yi. Kuma da girmanka, kai keke ɗaya kake sani a lokaci guda, ni iri-iri nake buɗewa kullum.

Tsohon Ɗan Acaɓa:
Marasa lafiya kake gani, ɗana. Mai lafiya ba ya zuwa wajenka. Wanda ke zaro kuɗi daga aljihunsa ya zuba mai shi ya san abin da keke yake sha.

Bazazzagi:
Duk ku bar wahalar da kanku. Bakano zai sa uku a baya, biyu a gefen direba, buhun albasa a ƙafa, akuya a cinya, sannan ya zo yana tambayar me ya sa keke ke shan mai.

Ɗan Rijiyar Lemo:
Ku da keken naku sai an tura yake tashi, ina kuka ga man da zai sha?

Mai Faci:
Ba wanda ya yi maganar iska. Rabin kekunan da ke tsayawa wajena tayar baya a kwance take, direban bai ma lura ba. Taya mara iska jan keke take yi baya, ga ta tana cinyewa ta gefe. Ku riƙa sa a auna da geji, ba a buga da ƙafa ba.

Uwar Biyu:
Ni keke biyu gare ni, duka TVS, rana ɗaya aka sayo su. Ɗaya dattijo ke tuƙawa, ɗaya matashi. Na matashin kullum sai ya fi shan mai, har na ɗauka keken ne. Da muka sa suka yi musanya sai matsalar ta bi yaron. Fizgar mashin yake daga tsaye, ya taka birki da ƙarfi, in yana hira ma inji na kunne. Malam ka yi lissafin biyan makon nan da kyau, shi ya fi ba ni tsoro a kan rabin yini, ba man ba. Na ji sabo yanzu ya haura miliyan huɗu in biya kaɗan-kaɗan ne.

Mai Shago a Singa:
Huɗu? Ki ce biyar, Hajiya.

Ɗan Rijiyar Lemo:
Ko ka mayar da shi na gas ɗin CNG. Tun bayan cire tallafin mai gwamnatin tarayya take ta maganarsa, kuma ya fi fetur araha nesa ba kusa ba.

Tsohon Ɗan Acaɓa:
Araha kam akwai, amma gidajen da ke sayar da shi ba su da yawa, ga tukunyar da nauyi. Mai fita rabin yini in ya je ya bi layi me ya rage masa? Ni abin da ke ci min rai daban ne. Kafin a cire tallafi a 29 ga Mayun 2023 lita a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba, da dubu ɗaya da ɗari shida ka cika tanki. A ƙarshen 2024 lita ta haura dubu. Duk da haka wasu gidajen man ba su bar mu ba. Akwai wani gida da nake sha, na ga man yana saurin ƙarewa, na je da galan na ce a zuba min lita huɗu. Wallahi sai da ya rage wajen yatsu uku bai kai wuya ba. Na nuna wa yaron, ya ce galan ɗina ne ya buɗe.

Mai Faci:
Gara su da 'yan bumburutu. Wani man in ka shinshina kananzir kake ji. Shi ke sa keke tari da safe.

Uwar Biyu:
To mai ma ai ka san inda ya tafi. Tikiti fa? Wannan ya tare ka ya yanka, ka yi gaba kaɗan wani ya ce nasa daban ne. Dattijon nan nawa ranar nan takardu uku ya kawo min, kowacce da launinta.

Malamin Firamare:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan sa a kwance filogin gobe in sha Allah. Amma har yanzu ban ji lita nawa zan ware wa rabin yini ba. Uku? Biyar?

Ɗan Rijiyar Lemo:
Uku ta ishe ka.

Mai Shago a Singa:
Uku a ina? Ka ware shida. Hajiya, takardun nan da kika ce, har da wata ruwan ɗorawa? Don nawa yaron ma ya sha kawo min irinta, ban taɓa sanin wa ke karɓar kuɗin ba.