Ƙarin kalsiyam a tankin murjani: abin da masu kiwo suka yi ittifaƙi a kai

Shawarar da masu kiwon murjani (halittun teku da ake renonsu a tankin ruwan gishiri) suka fara da ita ita ce a auna ruwan kafin a zuba komai. Ruwan teku na ɗauke da kalsiyam kusan ppm 420 (wato kashi 420 cikin miliyan), don haka tanki ya tsaya tsakanin 380 zuwa 450. Idan murjanin masu taushi ne kuma ba su da yawa, canjin ruwa a kai a kai ya wadatar.

Masu tauri kuwa da kalsiyam da kabonet suke gina ƙashinsu, shi ya sa aka fi jaddada alkaliniti, wato yawan kabonet da baikabonet a ruwan, wanda ake so ya tsaya tsakanin 7 zuwa 11 a ma'auninsa na dKH. A ganina nan ne gaskiyar maganar take, domin alkaliniti ke saurin faɗuwa. Masu amfani da haɗi biyu, kalsiyam kilorayid da sodiyam kabonet, sun gargaɗi kada a zuba su tare: ruwan zai yi fari, sinadaran su daskare su tafi a banza. A ba da tazara, a zuba inda ruwa ke gudu.

Kalkwasa, wato ruwan kalsiyam haidiroksayid da shi ma ake ƙara kalsiyam da shi, na ɗaga pH (ma'aunin tsamin ruwa), sai a ɗiga shi a hankali, musamman da dare. In kalsiyam ya ƙi hawa, a duba magnesiyam, ya kai kusan ppm 1300.